Mai Jin Tukunya ta Biyar

Wadda ta fara sa wa tukunya shaidar farar ƙasa a Angwal Yumɓu, gabas da Gesheme, ita ce Zalihatu, kakar mahaifiyarmu, shekara biyu bayan yaƙin Lugu. Kafin zamaninta maginan tukwane kan kwashe kayansu daga wuta su kai kasuwa, mai saye ya ƙwanƙwasa da kansa. In ya dace ya dace, in bai dace ba ya tarar da ruwansa a ƙasa. Zalihatu ta ce ba za a ƙara barin baƙo ya yanke wa aikin unguwa hukunci ba. Ta sa maƙeri ya ƙera mata zoben baƙin ƙarfe mai kauri. Duk safiyar da aka buɗe matoya, wato filin da ake gasa tukwane, sai ta bi kayan ɗaya bayan ɗaya tana bugu da zoben tana saurare. Wadda amonta ya fita sarai, ta ja mata layin farar ƙasa a wuya. Wadda ta ji wata siririyar karkarwa a wutsiyar amonta, alamar tsaga wadda ido ba ya gani, ta fasa ta nan take, don kada wani ya ɗauka ya sayar da sunanmu.

Ana kiran mai wannan aiki mai jin tukunya, kuma tana da dokoki. Mace mai fashin salla ba ta taka matoya, saboda haka sai wadda jinin wata ya ɗauke mata ake ba zoben. Mai zobe ba ta gina tukunya, domin ba a yi wa aikin hannun kai alƙalanci. Sannan ba a karɓe zoben daga hannun mai rai, sai ita ta ajiye da kanta. Bayan Zalihatu, Ummukulsum ta riƙe, sai Bushira, sai yayata Hure. Ta biyar ita ce Nazifa, ɗiyar ƙanena Ado, Allah ya jiƙansa, kuma ni ne na tsaya har aka ba ta.

An haifi Nazifa da kumburarrun ƙafafu da gajeren wuya. Tana ƙarama kusan kowace damina kunnuwanta suna zubar da ruwa, Hure tana ɗiga mata man shanu, har ta kai shekara goma abin ya lafa. Abin da bai lafa ba shi ne tsayuwar girmanta. Ta kai goma sha bakwai da jikin 'yar shekara goma, ba ƙirji, ba jini, sa'o'inta duk sun tafi ɗakunansu. Ni na yi shekara talatin ina shugabantar lakwal, wato makarantar boko, har yau Mushe ake kirana, yadda ake kiran malami da Faransanci, don haka duk abin da ya shafi takarda a danginmu a wuyana yake. A shekarar 2007, bayan girbi, na kai ta asibiti a Yamai.

Likitar mace ce, mai haƙuri, da Faransanci ta yi mini bayani. Ta ce a jikin kowace mace akwai wasu ƙwayoyin gado guda biyu masu tafiya tare, to Nazifa da ɗaya ta zo, kuma masana suna kiran wannan halitta da sunan Turner. Tsawo ba zai ƙaru ba, jini ba zai zo da kansa ba, haihuwa kuma kada a sa rai. Daga nan ta ƙara magana ta huɗu. Ta ce a riƙa kawo ta ana duba mata zuciya da kunne, domin irin waɗannan mata jinsu kan ragu tun suna da sauran ƙuruciya, kuma siraran sautuka ne ke fara ɓace musu. Ta rubuta duka ta miƙo mini.

Da muka dawo na tara dangi na faɗi uku na farko. Ta huɗun na bar ta a takarda. Gidan ya riga ya cika da kuka, ban ga dalilin ƙara musu abin da bai zo ba tukuna. Ban da haka, a lokacin babu mai kunnen Nazifa a unguwar, domin tun da ta bar lakwal saboda tsokanar yara take zama kusa da Hure a matoya, kuma sau da yawa takan ɗaure fuska kafin Hure ta ɗaga hannun fasawa. A zuriyarmu kuwa ba a taɓa kai mai lafiya asibiti ba.

Bayan shekara biyu Hure ta ce kunnenta ya tsufa, za ta ajiye. Aka duba tsofaffin unguwa, ba a sami wadda jinta ya kai ba. Matan suka taru a ƙofar gidan Hure, aka kira ni a matsayin wanda ya riƙe tarihin gida, na kawo sunan Nazifa.

"Mushe, yarinya ce," in ji Hure. "Shekara goma sha tara. Randa ma ta fi ta tsawo."

"Zalihatu ba ta ce tsohuwa ba, Yaya. Cewa ta yi wadda ba ta fashin salla. A nuna mini ranar da Nazifa ta fasa."

Lantana, ɗiyar Hure, wadda ke wasan taubasantaka da Nazifa tun suna yara, ta ce, "To Kawu, sai a kifa mata turmi ta hau, in ba haka ba a gindin randa za ta ja layin."

"Ke dai je ki gyara bakin tulunki," in ji Nazifa. "Ya karkace irin na mai shi."

Aka yi dariya, aka ba ta zoben. Sai da aka naɗa masa zare kafin ya zauna a yatsanta. Turmin ma an kifa mata shi, kuma a kansa ta yi aiki shekara goma sha uku.

Ya kamata a san abin da zoben ya zame mata. Waɗanda ke kiranta 'yar guntuwa suka koma cewa, "Sannu, mai zobe." A wurin biki da suna ana shimfiɗa mata tabarma cikin manya. Matan da suka haifi biyar da shida sukan tsaya a gabanta hannu a baya suna jiran abin da za ta ce game da aikinsu na wata guda. Ba ta da miji, ba ta da ɗa, amma ba a buɗe matoya sai ta iso. Wani ɗan kasuwar Dogon Dutsi, Musbahu, yakan zo da mota ya kwashi kaya ya kai Tibiri har ƙetaren iyaka, kuma idan ya ga farin layi ba ya ko taɓa randar da yatsa.

Ban san ranar da abin ya fara ba. Na dai lura cewa wayarta kan yi ta ƙara a gefenta ba ta waiwaya ba, kuma in ana hira ta koma kallon bakin mai magana maimakon idonsa. Na lura, na yi shiru.

A shekarar 2022, bayan an kai gero rumbu, Musbahu ya iso da hantsi ya sauke randuna bakwai a ƙofar zaurena. Kowace da farin layi a wuya.

"Mushe, ba rigima ta kawo ni ba," ya ce. "Shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar kayanku ban taɓa buga ko ɗaya ba. Wagga matar wani ma'aikaci ta saya, ta cika ta da ruwa, kafin ta dawo daga kasuwa ɗakinta ya zama tabki. Har gida ta biyo ni da ita a ka."

Aka kira Nazifa. Ta zo, ta gaishe shi, ta zagaya randar, ta buga da zoben, ta kara kunne.

"Lafiyarta lau," ta ce.

Lantana tana tsaye taku uku daga wurin, na ga ta sunkuyar da kai. Ni ma, da ban taɓa gina ko kasko ba, na ji karkarwar. Musbahu ya juya. Ya ɗebo ruwa a bokiti ya zuba, muka tsaya muna kallo har wani baƙin zare na danshi ya fito daga kafaɗar randar ya gangara ƙasa. Nazifa ta sa yatsa ta bi shi. Sannan ta buga sauran shidan.

Hure ta ce doguwar ramin yumɓu ce aka taka, wato aljanar wurin. Ta tafi Lugu wurin masu magani da kanta a kan amalanke, ta dawo da turare da wani ƙulli da za a rataya. Ban yarda da wannan ba, amma ban hana ba. Da wata biyu suka wuce babu canji, na sake ɗaukar Nazifa zuwa Yamai.

Wannan karon likitan kunne muka gani, saurayi ne. Ya sa ta a wani ɗan ɗaki mai tagar gilashi, ya ɗora mata abin saurare a ka, ya ce duk lokacin da ta ji ƙara ta ɗaga hannu. Ina waje ina kallo. Tana zaune a kujera ƙafafunta ba su kai ƙasa ba. Da farko tana ɗagawa. Can sai na ga likitan yana danna abinsa yana sake dannawa, ita kuwa hannunta na kan cinya, ta ƙura wa bango ido tana jiran a fara.

Ya nuna mini zanen gwajin, layi biyu da suka taho a miƙe sannan suka gangara kamar hanyar saukowa daga dutse. Ya tambaya ko an taɓa yi mana bayanin halittarta. Na ciro takardar farko daga aljihu, ta yi ja don tsufa, na ba shi. Ya karanta har ƙasa, ya dube ni.

"Da an riƙa kawo ta," na ce, "da an hana?"

"Ba zan yi maka alkawari a kan abin da ya wuce ba, Baba. Jijiyar ji ce, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Mai yiwuwa da an rage wani abu. Amma ko ba komai da ta san abin da ke tafe. Wane aiki take yi?"

Na gaya masa. Ya ajiye alƙalaminsa.

A motar dawowa mu goma sha tara ne. Mun wuce Doso Nazifa ta juyo, da ƙarfi kamar yadda ta koma yin magana, ta ce, "Baffa, mi ya ce game da tsohuwar takardar?" Amsar da za ta ji sai wadda duk motar za ta ji. Na kai bakina kusa da kunnenta na ce ya ce a yi haƙuri.

Dangi suka haɗa hannu aka samo mata na'urar ji ta kunnen hagu. Ta taimaka wajen magana, in mutum ɗaya ne kuma yana gabanta. Gashin tukwane na farko da ta yi da ita ya faɗo a farkon bazara, lokacin da aka fi neman randa. Kaya sittin da biyu aka fitar. Kafin rana ta take tsaka ta fasa ashirin da uku, cikinsu har da babbar randar da Lantana ta kwana tara tana ginawa. Lantana ta ɗauki wani ɓari ta juya shi, ja wur har ciki, babu ko alamar tsaga.

"Nazifa, randar ga mi ta yi miki?"

"Tana karkarwa."

"Abin da ke kunnenki ne ke karkarwa, taubashiya. Ni ma daga nan ina jin shi yana kuka kamar ɗan tsako."

Nazifa ta cire na'urar ta ƙulle a bakin zane, ta ci gaba. Sauran talatin da tara duk ta ja musu layi. Da na'urar kowace tukunya fasasshiya ce, babu ita kuma kowace lafiyayya.

Washegari matan suka zo zaurena, Hure a gaba. Sun ce ba za su iya ƙara wata guda suna gini don a fasa ba, kuma ba za su iya ƙara ganin Musbahu yana sauke kaya ba. Na tuna musu cewa ba a karɓe zobe daga mai rai. Suka ce sun sani, shi ya sa suka zo. Sai na kawo shawara. Nazifa ta ci gaba da bugu a matoya ba tare da na'urar ba, ta ja layinta. Daga nan a kwashe kayan zuwa bayan gidan Hure da sunan za su huce a inuwa, Lantana ta sake bin su da bayan cokali, wadda ta ji tsaga ta fasa a zuba a tsohon ramin da ke wurin. Bayan gidan Hure ba matoya ba ne, dokar fashin salla ba ta kai can ba.

"Mushe," in ji Hure, "kai da ba ka shan ruwa sai ka faɗi wanda ya fara sha. Wa ya taɓa yin haka?"

Na ce a shekarar Bushira ta ƙarshe, da hannunta ya fara rawa, ɗiyarta ce ke riƙe mata shi tana ja. Hure ta dube ni ta ce wannan hannu ne aka riƙe, kuma Bushira tana gani. Amma ba ta da wata shawarar, sauran matan kuma suka amince.

Gashi biyar aka yi a haka. Musbahu bai ƙara dawo da ko tulu ba. Nazifa ta murmure, ta koma tsokanar mutane. Ta ce wa Lantana, "Kin ga tun da na yar da kayan Turawa kunnena ya buɗe. Ke ce dai har yanzu ba ki iya bakin tulu ba." Lantana ta yi dariya ta ce ai gado ne. Har goro Nazifa ta kai wa Hure, godiyar tafiyar Lugu, Hure kuma ta karɓa.

Wata safiya, ana saura kwana kaɗan damina ta faɗi, akuyarta ta tsinke ta shiga bayan gidan Hure, ta bi ta. Ina zaure ina sauraron rediyo sai ga ta da ƙunshi a zane. Ta yi sallama, ta durƙusa, ta kwance. Wuyan randuna ne da na tuluna, ta zaɓo masu layi kawai. Ta jera su a bakin tabarmata ɗaya bayan ɗaya, talatin da ɗaya. Sannan ta sa na'urarta, ta matso inda za ta ga bakina.

"Baffa, wannan hannuna ne?"

"Hannunki ne."

"Wa ya fasa?"

Na gaya mata. Ta tambaya ko duk matan sun sani, na ce sun sani. Ta tambaya ko Musbahu ya sani, na ce a'a.

"To da sauran mutum ɗaya da zan iya gaisarwa," ta ce. "Wata huɗu kuna ce mini sannu mai zobe."

"Ba wanda ya karɓe miki shi, ɗiyata. Doka ta hana, kuma ni na tsare dokar."

"Na gani." Ta ɗauki wani wuyan tulu ta juya shi ta mayar. "Takardar da ka ba likita. Ban iya Faransanci ba, amma lamba na iya. Dubu biyu da bakwai na gani a samanta. Mi ta ce?"

Ƙofar zauren a buɗe take, hanyar rijiya kuma ta nan ta bi. Na faɗa a hankali, ta girgiza kai. Na ƙara murya, ta ce ba ta kama ba. A karo na uku na faɗa yadda nake yi wa aji mai yara tamanin, cewa tun wancan lokaci likita ta rubuta jinta zai ragu, kuma siririn sauti ne zai fara tafiya. Wasu mata biyu masu ɗauke da ruwa suka rage tafiya a ƙofa, sannan suka wuce.

Nazifa ta yi lissafi da leɓɓanta.

"Kafin a ba ni zoben ke nan."

"Da shekara biyu."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba ba. Ta miƙa hannayenta ta dube su, ƙanana, masu laushi, waɗanda ba su taɓa murɗa yumɓu ba saboda doka.

"Da ka faɗa mini, Baffa, da gini na koya."

Ta warware zaren, ta zare zoben, ta ajiye shi a kan tabarma tsakanin ɓaraguzan. A daidai nan Lantana ta shigo da sauri, an riga an kai mata labari. Ta tsaya ta dubi abin da ke ƙasa, ta ce, "Haba 'yar guntuwa, wa zai hau mana turmin?" Nazifa ta riga ta cire na'urar. Ta naɗe zanenta ta fita ta gefen Lantana ba ta dube ta ba.

Na kira taro a ba wata zoben, ba a sami wadda ta cika sharaɗi ba. Lantana tana da kunnen, amma shekararta talatin da biyar kuma tana goyo. Wasu suka ce a sassauta dokar, na ce ban san wanda ya taɓa sassauta ta ba, Hure kuma ta ce ita ta gaji da shawarata. Aka tashi ba a yanke komai ba. Bayan damina Nazifa ta roƙi Hure ta koya mata gini. Ta gwada wata uku, hannunta bai kai cikin randa ba, ƙananan tukwanen kuma suna zubewa kafin su bushe. Ta bari. Yanzu ita ke dakan tsingaro, wato fasassun tukwane da ake niƙawa a cuɗa da sabon yumɓu, aikin da a da 'yan mata ke yi kafin su iya komai.

Ga abin da aka samu da abin da ya rage. A shekara goma sha uku da zoben ya yi a hannunta da lafiya, an buɗe matoya sau ɗari da hamsin da wani abu, ba a dawo mana da kaya ko ɗaya ba, kuma da yawa daga randunan suna nan suna sanyaya ruwa a gidajen Tibiri da Dogon Dutsi. A gashin da ya gabata an fitar da kaya arba'in da shida, babu layi a wuyan ko ɗaya. Musbahu ya zo da ƙusa a aljihu, ya buga kowanne da kansa, ya ɗauki talatin da huɗu ya bar sauran. Kunnen Nazifa na dama ya rufe. Na hagu yana kama muryar namiji in yana kusa, ta mace kuwa da ƙyar. An sake rubuta mana takardar duba zuciya, na kai ta sau ɗaya, an ce a dawo baɗi. Tana gaishe ni kowace safiya yadda ɗiya ke gaida baffanta, ta durƙusa, ta tambayi kwana, ta tashi kafin in gama amsawa.